Contax T2, Nikon 35Ti ko Ricoh GR1: wacce ce fokas ɗinta ba ya kuskure?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya ce kan ƙananan kyamarorin fim na aljihu masu tsadar nan da Japan ta ƙera a shekarun 1990. Ƙorafin da aka fi ji a kansu ɗaya ne: a ɗauki mutum a tazarar mita ɗaya, a kai wanki, fuska ta fito dishi-dishi, bangon da ke bayansa kuwa tar. Wasu na cewa Contax T2 ce ta fi wannan hali, wasu na cewa duk kanwar ja ce. Ga mai shirin saye, wacce ce otofokas ɗinta, wato yadda take auna nisa ta saita lens da kanta, ya fi abin dogaro? Kuma kyan hoton ya kai kuɗin da ake zubawa?

Bakanike:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a zaɓi suna, a fara sanin cewa otofokas ɗin nan iri biyu ne, kuma kowane iri da inda yake tuntuɓe.

Na farko shi ne mai harba haske. Kyamara na harba infared, irin na rimot ɗin talabijin, daga wata ƙaramar taga a goshinta, hasken ya daki abin da ke gaba ya dawo ta wata tagar, sai ta lissafa nisa daga kusurwar da ya dawo. Contax T2 ta 1990, da Nikon 35Ti da Konica Hexar AF na 1993, da Leica Minilux ta 1995, da Olympus mju II ta 1997 duk haka suke aiki. Ba ruwansu da duhu, ko cikin ɗaki an ɗauke wuta za su auna daidai. Amma gilashin taga ko na mota na mayar da hasken, sai fokas ya tsaya a kan gilashin. Abu mai sheƙi da yake a karkace yana karkatar da hasken ya tafi wani wuri. Baƙin yadi mai laushi, da gashi, da hayaƙi, ba sa mayar da abin kirki. Idan kuma haske bai dawo ba, yawancinsu sai su ɗauka abin yana can nesa, su kai lens ƙarshe. Wannan na cikin abin da ke sa bango ya fito, mutum ya ɓace.

Na biyu ba ya harba komai, kallo yake yi. Taga biyu ne ke ganin abu ɗaya, kyamara ta gwada yadda hotunan biyu suka goce wa juna. Ricoh GR1 da Minolta TC-1, dukansu na 1996, da Contax T3 ta 2001 suna nan. Waɗannan gilashin taga bai cika ruɗa su ba, amma suna buƙatar layi ko bambancin haske da duhu. Farin bango, sararin sama, farar riga marar aiki, ko magariba ta kawo jiki, nan suke rikicewa.

Baba Mai Hoto:
Bakanike ya faɗi gaskiya, amma ya bar babban dalilin. Ba ta cikin lens ake leƙe a kyamarorin nan ba. Tagar leƙe daban, tagar awon nisa daban, lens daban. Daga mita uku zuwa sama duk suna kallon wuri ɗaya. A mita ɗaya ko ƙasa, ɗan da'irar da kake gani a tsakiyar tagar leƙe ba daidai take da inda hasken ke sauka ba. Ka ɗora ta a gefen kunci ko saman kafaɗa, hasken ya wuce ta gefen wuya ya daki bango. Mutum biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, tsakiyar hoto ta faɗa tsakaninsu, shi ma bango ne zai ci riba.

Magani: a nufi wuri mai faɗi wanda nisansa ɗaya da fuska, kamar ƙirji ko tsakiyar goshi, a danna maɓalli rabi, a riƙe, sannan a gyara tsayuwar hoto a ƙarasa dannawa.

Malamin Lissafi:
Baba, a gafarce ni, wannan maganin ma yana da nasa ciwon, kuma lissafi ne ke nunawa. T2 lens ɗinta 38mm ne, f/2.8, wato iyakar buɗewar ƙofar haskenta; lambar f in ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi. A f/2.8, in aka saita a mita ɗaya, abin da zai fito tar yana tsakanin santimita 95 da 106 ne kawai, wato kamar santimita 11. A mita 0.7, mafi kusancin da take iya kaiwa, bai wuce santimita 5 da ɗoriya ba. To idan ka kulle fokas a ido a mita ɗaya, ka juya kyamara da digiri 15 don mutum ya koma gefe, fokas ya koma bayan idon da santimita 3 da rabi. In juyin ya kai digiri 20, santimita 6 ne, ya riga ya fita daga iyaka. Ƙara da ɗan rangajin da mai ɗauka ke yi gaba ko baya tsakanin rabin dannawa da cikawa, ka ga kunne ya fito, ido ya tafi.

A f/8 kuwa, mita ɗayan nan, daga santimita 86 zuwa 119 duk lafiya. Ninki uku ke nan. Duk wanda zai kulle ya juya a kusa, ya sauka zuwa f/5.6 ko f/8.

Baba Mai Hoto:
Na karɓa, Malam. Amma a cikin ɗaki da fim mai ISO 200, wato lambar saurin kama hasken fim, ina za ka samo f/8?

Malamin Lissafi:
Ba za a samu ba sai da filash. In babu filash, a bar mutum a tsakiya, a yanke gefen hoton bayan sikan.

Hajiyar Tudun Wada:
Akwai abin da ya keɓanta da T2 da ya kamata Ɗan Fagge ya sani. In ka danna rabi, awo kawai take yi ta kunna koren ɗigo, lens ba ya motsi. Sai ka ƙarasa dannawa sannan mota ta tura lens, sannan shota, ƙyauren da ke barin haske ya kai ga fim, ta buɗe. Wannan ɗan jinkirin ya isa yaro mai tafiya ya fita daga inda aka auna. Kuma da yawa suna sauke hannu da zarar sun ji ƙarar motar, alhali shota ba ta riga ta buɗe ba. A tsaya cik har ƙarar ta ƙare.

Abu na biyu, lambar 2.8 da ke zoben lens ɗinta ba f/2.8 tsantsa ba ce. Nan ne kyamara ke zaɓar wa kanta. In haske ya yi ƙasa ta buɗe duka, in ya yi yawa ta tsuke. Daga 4 zuwa 16 ne kai ke da iko. A tagar leƙe kuma lambobin saurin shota huɗu kawai take nunawa: 500, 125, 30 da LT, wato jinkiri mai tsawo. Ka ga 30 ita kaɗai ko LT, to hannu ba zai riƙe ba, a jingina da bango ko a ɗora a tebur.

T3 ta gyara wasu daga cikin waɗannan. Ana iya saita ta yadda lens zai fita tun a rabin dannawa, tana matsowa har mita 0.35, shotarta na kaiwa 1/1200. Sai dai na farkon fitowa haƙori ɗaya ne a sandar da ke naɗe fim, kuma yana cinyewa ko ya karye, fim ya ƙi kamawa. Na baya haƙori biyu ne. A buɗe baya a ƙirga kafin a biya.

Mai Wankin Hoto:
Hajiya, Allah ya saka. Ni ta ɓangaren wanki zan shigo, don mafi yawan hoton da ake zagin otofokas a kansa ba laifin fokas ba ne. Dishi-dishi iri uku ne, kuma dodon hoto na bambance su in aka ɗora shi a kan haske aka duba da gilashin ƙara girma mai ninki 8 ko 10.

In wani abu a hoton ya fito tar, ko bango ne ko maɓallin riga, fokas ne ya sauka inda ba a so. In babu abin da ya fito ko ɗaya, kuma ɗigon haske ya zama ɗan gajeren layi duk sun nufi gefe ɗaya, hannu ne ya girgiza. In dodo ya fito garau amma hoton da aka turo a waya ya yi laushi, sikan ne. Yadda ake kama wannan na ukun: a zuƙo hoton sosai a dubi tsakin fim ɗin kansa. Tsaki ya fito kamar yashi, na'urar sikan ta yi aikinta. Tsaki ya narke kamar kunu, ko dai fim ya lanƙwashe a cikin maƙalinsa, ko na'urar ba ta saitu ba.

Sannan girman sikan. Wanda faɗinsa ɗigo 1500 ne ba zai nuna bambanci tsakanin Sonnar, lens ɗin Contax, da lens ɗin mju II ba. A nemi aƙalla 3000 a 2000. Kuma a ce a turo ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don in hoto ne manhajar na matse shi ta zubar da rabin abin da aka biya kuɗi a kansa.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni dai a ganina duk wannan wahalar ta lens mai tsawo ce. GR1 28mm ce, kuma tana da Snap, wanda ke kafe fokas a mita 2 ba tare da wani awo ba, danna kawai ta ɗauka. Malamin Lissafi ya duba mana ko na yi kuskure: a f/8 daga mita 1.25 zuwa 5, a f/11 daga kamar mita 1.1 har kusan 12. Kasuwa, hawan sallah, titi, me ya rage? GR1v ta 2001 ma ta ƙara zaɓin mita 1, 2, 3, 5 da nesa, ga damar saita ISO da hannu. Jikinta magnesiyam ne, ta fi T2 sirantaka da rashin nauyi nesa ba kusa ba.

Malamin Lissafi:
Lissafinka daidai ne.

Bakanike:
Lissafi daidai, amma ɗan'uwa ka ɓoye aibin amarya. Allon lambobin da ke saman GR1 yana mutuwa kaɗan-kaɗan, yau wannan layin ya ɓace, gobe wancan, har ka kasa gane ko kana Snap ko kana wani wuri. Layukan cikin tagar leƙe ma allo ne, su ma suna dushewa, kuma su ne ke gaya maka inda ta kama fokas, fure ne ko mutum ko dutse. Motar naɗe fim ɗinta in ta tsufa tana kuka. Wani halin nata kuma, tana janye fim ɗin duka tun a farko, sai ta riƙa mayar da shi cikin gwangwani hoto bayan hoto, lamba na raguwa. Amfaninsa, in baya ya buɗe bisa kuskure abin da aka ɗauka ya tsira. Wanda bai sani ba sai ya zaci lalacewa ta yi.

Kuma 28mm a fuska daga kusa ba ta da kirki, hanci na girma, wanda ke gefen hoto yana faɗi. Ɗan Fagge hoton mutane ya tambaya.

Ɗan Damagaram:
Wacce ce ba ta da aibi a cikinsu, Oga? Minilux fa da E02 ɗinta?

Bakanike:
Ita ma ban wanke ta ba. E02 lambar matsala ce da take nunawa, asalinta kuwa fileks ne, siririn ribon ɗin da ke kai wuta ga shota, yana lanƙwashewa duk lokacin da lens ya fita ya koma har ya tsage. Masu gyaran waya sun san irin ciwon a wayoyi masu naɗewa. Ana samun sabon fileks a sauya, amma aikin mai haƙuri ne. Lens ɗinta Summarit 40mm f/2.4 yana cikin mafi kyau a ajin, tagar leƙenta kuwa ƙarama ce ƙwarai, mai tabarau zai sha wuya, kuma ƙaramar taga na ƙara kuskuren nufi da Baba ya yi bayani.

Hajiyar Tudun Wada:
Ba wanda ya taɓo 35Ti, alhali don tambayar da aka yi ita ce ta fi sauƙin kamawa in ta yi ƙarya. Allurai ne a samanta kamar na agogo, ɗaya na nuna nisan da ta auna, ɗaya na nuna ƙofar haske. Ka danna rabi, ka sauke ido ka duba: mutum na mita ɗaya da rabi, allura ta tafi nesa, ka san ta kuskure tun ba ka ƙona fim ba. Matsalar ita ce sai ka cire ido daga tagar leƙe. Tana matsowa mita 0.4, kuma awon haskenta na raba hoto kashi shida, shi ya sa masu fim ɗin silaid ke son ta. Maɓallan filash ɗinta ƙanana ne, suna ba da haushi. TC-1 ita allurar nisanta a cikin tagar leƙe take, wanda ya fi dacewa.

Baba Mai Hoto:
In zancen fokas ne zalla, Hexar AF ta fi su duka, ba na tantama. Lens na motsawa tun a rabin dannawa, layukan tagar leƙe na matsawa daidai da nisa, ga 35mm f/2. Amma ba ta shiga aljihu, kuma shotarta ta tsaya a 1/250. Da ranar Kano da fim mai ISO 400, f/22 kawai za ta iya ba ka, kuma a f/22 kowane lens laushi yake yi. Ko dai fim mai ISO 100 irin Ektar ko T-Max 100, ko a ɗaura gilashin rage haske mai 46mm, a rage lambar ISO da hannu gwargwadonsa, tunda ma'aunin haskenta ba ta cikin lens yake gani ba. Ciwonta sananne: makunnin da ke ƙarƙashin maɓalli na yin datti, rabin dannawa ya ƙi riƙewa, ta sake awo bayan ka juya. Wankewa ake yi, ba sauya lens ba.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Baba. To batun kyan hoto fa? T2 ta fi mju II da Yashica T4 har yadda farashi ke nunawa?

Mai Wankin Hoto:
A f/8 da rana, a Kodak Gold 200, a hoto mai girman 5 a 7, kusan ba mai iya rarrabewa. Bambancin yana fitowa ne a buɗe duka da kuma a kusurwa. Sonnar na T2 tsakiyarsa kaifi ne tun daga f/2.8, kusurwa na ɗan duhu da laushi har sai f/5.6. Na T3, mai gilashi shida, ya fi shi daidaito daga tsakiya zuwa gefe. TC-1 duhun kusurwarta a fili yake a f/3.5, wasu don shi suke sayenta, kuma ƙofofin haskenta huɗu ne kacal, 3.5, 5.6, 8 da 16, kowacce rami ce zagayayye, babu f/11. Tessar, lens ɗin T4, f/3.5 ne, launinsa na da ƙarfi, jikinta roba.

Abin da ake biya a masu tsadar shi ne iko. A mju II ba ka zaɓar ƙofar haske, tsarinta na son buɗewa duka ya ba shota sauri, don haka kuskuren fokas kaɗan sai ya bayyana. Tana harba haske fiye da ɗaya, tana yawan kama abin da ya fi kusa. In ana son ta bi tsakiya kawai, a danna maɓallin filash da na ƙidayar lokaci tare, amma da an rufe murfi ta manta, filash ma ya koma kunna kansa.

Hajiyar Tudun Wada:
A ƙara da awon haske a irin kayanmu. Farar babbar riga ko farar shadda ta cika hoto, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuska ta nutse, in aka ɗago ta a sikan tsaki ya yi yawa, mai kallo ya ce fokas ne. A T2 a murɗa dayal ɗin gyara zuwa +1, fim mai launi irin Portra 400 na ɗaukar ƙarin haske ba tare da damuwa ba, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Wannan dayal ɗin ne kuma hanyar yaudarar ISO, tunda daga lambar DX ta jikin gwangwani take karantawa, in babu lambar ta ɗauka 100 ne. Da hunturu, in hazo ya sauko, masu kallo irin GR1 da T3 na rasa abin kamawa a nesa. A sa su a alamar nesa kai tsaye.

Bakanike:
Ga gwajin da ya kamata a yi wa kowacce, fim ɗaya ya isa. A tsayar da shafin jarida a inuwa, a jingina rula a karkace a gefensa yadda rabinta ke gaban jaridar, rabi a bayanta. Don haka gara jaridar ta kasance a kan kwali da aka tsayar kamar taku ɗaya daga bango, sai a ga ko fokas ya zarce baya. Kyamara a kan ƙafa uku, fim mai ISO 100 don ta buɗe duka, filash a kashe, a yi amfani da ƙidayar lokaci don kada hannu ya taɓa. A auna da tef daga bayan kyamara, inda fim yake kwance, ba daga bakin lens ba: mita 0.7, 1, 1.5, 2, 3, 5, sai wani gini mai nisa. Kowane nisa sau uku, ana rufe lens ana buɗewa tsakani, ana rubuta lambar hoto a takarda.

Karatun sakamako: in duka ukun sun goce gefe ɗaya a kowane nisa, saitin ya kauce, galibi faɗuwa ta taɓa yi, sai mai gyara. In biyu sun yi ɗaya ya ƙi, a zargi datti a tagogi, ko makunni, ko batir. In gefen hoto ɗaya tar ɗaya laushi, lens ya karkace a mazauninsa, wannan kada a saya ko an rage kuɗi. Kyocera ta daina ƙera Contax tun 2005, Konica Minolta ta bar harkar kyamara a 2006, kayan gyara sai daga gawar wata.

Ɗan Damagaram:
Kafin a kai ga gwajin ma a share tagogin goshin. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa na taruwa a nan, mutane na goge lens su manta da su. A hura da famfon roba tukuna, sannan ɗigo ɗaya na ruwan goge lens a kan auduga, ba a kan kyamarar ba. A riƙo kuma a kula, yatsan tsakiya na hannun hagu na son hawa kan taga, musamman in an tsayar da kyamara.

Bakanike:
Batir kuma. T2, 35Ti, TC-1, Minilux da mju II CR123A suke ci, T3 da GR1 CR2, Hexar 2CR5. Sabon CR123A na nuna kamar volt 3.2 a mita, amma wanda ya gaji ma zai iya nuna 3 in ba a ɗora masa aiki ba, sai mota ta ja ya faɗi, lens ya tsaya a hanya. Kada a kuskura a sa batirin tocila mai caji da ake kira 16340 don girmansu ɗaya. Shi 3.7 ne, in ya cika yana kai 4.2, zai iya ƙona allon. Wanda kuma zai buɗe jikin kyamara da kansa ya sani kafasitar filash na riƙe wajen volt 300 ko an cire batir.

Ɗan Fagge:
Oga Bakanike, in mai sayarwa bai yarda a ƙona fim kafin biya ba fa?

Bakanike:
A je da sabon batir da tsohon fim na gwaji. A 35Ti a nufi abu uku masu nisa daban a dubi allura. A T2 a cire dayal daga AF, wato otofokas, a nufi bangon da aka auna mita 2, a murɗa a hankali har koren ɗigo ya kama, a ga ko lambar da ke dayal ta tsaya kusa da 2. A buɗe baya a haska tocilar waya ta cikin lens a nemi fumfuna ko hazo. A kunna a kashe sau goma ana sauraron mota, sannan a sa tsohon fim ɗin a bar ta ta ja shi har hoto na 36 ta mayar da kanta.